Rasuwar Opal, Bindigar Aljihun Orval Tackett

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da har yau bai gama wucewa ba, Orval Tackett, mai aski a garin Cane Fork na jihar Tennessee, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa aka rage masa suma, rasuwar abokiyar tafiyarsa Opal, 'yar ƙaramar bindiga libarba mai cin harsashi biyar. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyaran bindigogi, bayan ta shekara talatin da ɗaya a aljihun wandonsa na dama.

Marigayiyar ta shigo hannun Orval ne a shekarar da wasu 'yan fashi suka faɗa kantin maganin da ke jikin shagonsa da rana tsaka, suka fasa wa mai kantin kai. Orval na tsaye da almakashi a hannu, yana jin ihun maƙwabcinsa ta bango, ya rasa abin da zai yi. Washegari bai buɗe shago ba. Ya tafi birni, ya dawo da ita. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba sai da ita.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da kunya da kawaici. Ba ta da nauyi, ba ta kai tafin hannu tsawo ba, kuma ba ta taɓa leƙowa ta tsorata yaro ko baƙo ba. Ta raka Orval coci kowace Lahadi, ta raka shi kamun kifi, ta tsaya tare da shi a bakin kabarin mahaifiyarsa. Ranar auren 'yarsa tana cikin kwat ɗinsa, har ango ya rungume shi bai ji ta ba. Maganarta kaɗan ce. Kowace safiya idan ya buɗe gangarta ya ƙirga harsasai biyar ya mayar, sai ta ce masa "ƙis", shi ke nan sun gaisa. Ranar da zai shafa mata mai, yana juya gangar a hankali, takan ce "tik, tik, tik". Sau ɗaya kawai a wata take ɗaga murya, ranar Asabar ta farko, a filin koyon harbi, inda take cewa "tau!" da muryar da ta fi jikinta girma.

Orval bai taɓa roƙon Allah ya kawo masifa ba. Amma gaskiya ɗaya ce: ya jira ranar. Idan shago ya yi shiru yakan tsaya gaban madubi ya gwada yadda zai zaro ta, ya ce wa wanda babu shi, "Tsaya nan!" Kuma a duk labarin da yake saƙawa a ransa, wadda yake ceto ita ce matarsa Maxine.

A nan dole a ambaci Lamar Hensley, ko da yake mai makokin ya so a tsallake shi. Lamar tsohon malamin makaranta ne, shi ke jan mawaƙan coci. Shekara arba'in da huɗu da suka wuce shi ya fara neman Maxine, Orval ya zo daga baya ya yi nasara, kuma tun lokacin suke abota irin ta wuƙa da dutsen wasawa. Duk mako biyu Lamar yana zuwa aski, alhali gashin kansa bai fi a ƙirga da yatsu ba.

"Mutumina, har yanzu kana goye da ƙarfen nan?" haka yakan ce da zarar ya zauna. "Wa zai kawo wa mai aski hari? Sai dai wanda ka ɓata wa ƙeya."

"Ranar da ta ɓaci, sai ka rera musu waƙar coci," in ji Orval.

"Ina! Bayanka zan ɓuya. Ai faɗinka ya ishe mu mu biyu."

Ranar ta zo a watan Afrilu, kuma ta zo ta inda ba a zata ba. Yanar ido ta rufe wa Orval idonsa na dama, likita ya sa ranar cirewa, ya ce kada ya kuskura ya tuƙa mota ya koma gida. Maxine ta daɗe da barin tuƙi, 'yarsu kuma tana nesa, sai Lamar ya ce zai kai su. A ƙofar asibitin akwai allo mai hoton bindiga an ja mata jan layi. Orval ya tsaya ya ƙura wa allon idonsa mai gani, sannan ya koma mota, ya zaro Opal da kubenta, ya kwantar da ita a aljihun gaban motar Lamar.

"Kada ka taɓa ta."

"Ni? Ko durƙusa mini ka yi ba zan taɓa ba. Jeka a wanke maka ido, ko ka daina yi wa mutane aski a karkace."

Aikin bai fi minti arba'in ba. Maxine ta gaji da zaman jira, ta fita ta miƙe ƙafa a gefen filin ajiye motoci. Wani ƙaton kare ya fito daga ciyayin bayan asibiti, bai yi haushi ba, bai yi gargaɗi ba, ya kayar da ita ya kafa haƙora a ƙwaurinta. Lamar na cikin mota yana karanta jarida. Ya danna ham, karen bai saki ba. Ya fito ya yi ihu, ya jefe shi da takalmi, sai karen ya saki ƙafa ya nufi wuya, Maxine ta tare da jakarta. Mutumin da bai taɓa harba bindiga ba a rayuwarsa ya koma ya buɗe aljihun mota. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya kai bakin Opal dab da haƙarƙarin karen, ya ja kunama sau biyu.

A daidai lokacin Orval na kwance, an lulluɓe masa fuska da ƙyalle, likita na cikin idonsa. Ta bango ya ji "tau! tau!" Ko a cikin bindiga dubu ba zai ɓata muryar nan ba. Ya yunƙura zai tashi.

"Kada ka motsa, Mista Tackett," in ji likita. "Tayar wata mota ce ta fashe."

"Ba taya ba ce," in ji Orval daga ƙarƙashin ƙyalle. Aka danne masa kafaɗa har aka gama.

Ya fito da bandeji a ido, ya tarar an riga an wuce da matarsa ɗakin gaggawa. An yi mata ɗinki ashirin da biyu da jerin allurai, don gwaji ya nuna karen mahaukaci ne. Ta rayu, kuma mai makokin yana so a rubuta cewa ya gode wa Allah, ya sake godewa, ya kuma miƙa wa Lamar hannu a gaban mutane. Abin da ya biyo baya ne ya fi ƙarfinsa.

Jaridar gari ta mako-mako ta buga hoton Lamar a shafin farko, yana murmushi da takalmi ƙafa ɗaya. A ƙasa aka rubuta wai ya yi amfani da "bindigar wani abokinsa". Wani abokinsa! Shekara talatin da ɗaya na mai da tsumma, da wandunan da suka huje, da ƙugu mai ciwo, duk an tattara su a kalma biyu. Fasto ya yi wa'azi a kan Lamar. Masu zuwa aski suka daina tambayar Orval lafiyar idonsa, sai dai, "Yaushe jarumin zai shigo?" Shi kuwa jarumin, da ya zauna sai a kewaye shi.

"Abin da ya ba ni mamaki," in ji Lamar, "yadda ta zauna mini a hannu daram, kamar don ni aka ƙera ta. Mai hankali ce, Orval. Ka yi tarbiyya."

Orval na riƙe da aska a daidai maƙogwaron Lamar lokacin da ya faɗi haka. Shaidu sun tabbatar ya ajiye askar, ya fita waje ya sha iska, sannan ya dawo ya ƙarasa.

A gida ma bai tsira ba. Da Maxine ta fara takawa, kowace Juma'a sai ta gasa burodin masara ta kwarara masa zuma, ta naɗe a tawul ta ce, "Tsoho, biya ka miƙa wa Lamar tun da zafinsa." Haka Orval zai ɗora shi a kujerar gefe, ƙamshi na dukan hancinsa har ƙofar gidan mutumin.

'Yan sanda sun riƙe marigayiyar mako biyar kafin su gama rubuce-rubucensu, suka dawo da ita a cikin ambulan na takarda. Daga nan jinya ta fara. Da safe ya buɗe gangarta ya mayar, maimakon "ƙis" sai ta ce "ƙwas", a sanyaye, kamar mai amsa gaisuwar wanda ba ta gane ba. Ya shafa mata mai, ya canza mata kube, ya kwantar da ita a kan tawul mai laushi, duk a banza. Ranar Talata ya kai ta wurin Twila Boggs, wadda ta gaji gyaran bindiga a wurin mahaifinta. Twila ta haska fitila, ta ɗora tabarau, ta duba ta ciki da waje. Sannan ta nuna masa wani tsagi siriri kamar gashi a ƙarƙashin bututu.

"Sai haƙuri, Mista Orval. Ta gama. In ka sake harba ta, da yatsunka za ta tafi."

"Hannun Lamar ne. Bai iya riƙo ba."

"Tsufa ne. Jikinta na alminiyom ne, kuma wata nawa kana kai ta fili? Tsagin nan ya daɗe da farawa, idonka ne bai gani ba. In ka tambaye ni, harbi biyun nan su ne na ƙarshe da suka rage mata."

Orval ya zauna a kan benci. Wato biyu suka rage mata a duniya, ta adana su, ta jira sai da ya juya baya na minti arba'in, ta miƙa wa Lamar Hensley.

Da yammacin ranar yana zaune a baranda yana shafa wa Maxine magani a tabon ƙafarta. Da sabon idonsa yana ganin gurbin kowane haƙori. Maxine ta karanta fuskarsa, don shekara arba'in da huɗu da aure ba kwana arba'in da huɗu ba ne.

"Faɗi abin da ke cinka," in ji ta.

"Babu komai."

"Haushi kake ji an cece ni?"

"Haba, Maxine!"

"To haushin me?"

Ya rufe kwalbar maganin, ya buɗe, ya sake rufewa. "Ni ya kamata. Tun kafin gashina ya yi fari nake shirin ranar nan. Mutumin da ke yi mini dariya, shi aka ba."

Maxine ta dube shi ta saman tabarau. "Orval, a makon da za a yi maka aikin ido ka zuba gishiri a kofi, ka gai da akwatin wasiƙa ka ce masa barka da asuba. Da kai ne a wurin da wancan idon, da ni za ka harbe, karen ya zo jana'iza." Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Kuma wa ya kawo bindigar wurin? Lamar ko wuƙar yanka albasa ba ya yawo da ita. Kai ka ɗauke ta shekara talatin da ɗaya har ka kai ta inda ake bukatarta. Shi taku goma ya yi da ita."

Orval ya juya maganar a ransa. Ta yi masa daɗi, ba ƙarya. Sai dai har yanzu hoton wani ne a jarida.

Marigayiyar ta rasu ta bar harsasai uku da ba su san abin da ya faru ba, da kube na fata wanda ya ɗauki siffarta har ba zai karɓi wata ba, da wanduna goma sha ɗaya masu faci a aljihun dama. Ta bar Maxine Tackett da ranta da ƙafafunta biyu. Ta kuma bar Orval, wanda har yau yake tafiya a ɗan karkace, yana shafa aljihu a bakin kowace ƙofa. Masu zuwa ta'aziyya su sani, an riga an nuna masa sababbin bindigogin zamani masu jikin roba, masu cin harsashi goma sha biyar, ya ce a bari ƙasa ta bushe tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon aski. Ba za a binne ta ba. Twila ta cire mata allurar da ke tayar da harsashi, ta kwantar da ita a akwatin gilashi mai jan ƙyalle, za a rataye a bango. Bayan addu'a akwai soyayyar kaza da shayi mai ƙanƙara. An roƙi jama'a kada kowa ya zo da jaridar nan, kuma ba za a rera waƙa ba, don an san wanda zai ja baki.

Game da ɗaukar gawa, an kai ruwa rana a gidan Tackett. Orval ya ce shi kaɗai ya isa. Maxine ta ce idan Lamar bai sa hannu ba, ita ma ba za a ga ƙeyarta ba, balle kazarta. A ƙarshe aka yi sulhu: Orval zai ɗauko akwatin tun daga gida har bakin ƙofar shago, Lamar ya karɓa daga ƙofa ya kai bango ya rataya. Jiya da rana Orval ya auna tsakanin ƙofar da ƙusar da za a rataye akwatin, ya samu taku shida. Ya ɗauko guduma ya zare ƙusar. Masu halarta za su sami ƙusar a jikin ƙofa, hannun dama, taku ɗaya da rabi.