Yadda Sitefila Ta Hana a Yi Mini Tiyata

Jama'a, Talatar makon jiya aka sake dawo da ni daga bakin ƙofar ɗakin tiyata, karo na uku ke nan, ina kwance a kan gadon nan mai taya, cikin rigar asibitin da ba ta da baya. Ni tela ne, shekara talatin da ɗoriya ina kan keke, kuma har gobe ban yafe wa wanda ya yanka wannan rigar ba. Amma ba ita ce ta kawo ni shafin nan yau ba.

Ƙaba ce da ni. Na faɗa, kowa ya huta, tunda dai duk layinmu an riga an sani. Wata huɗu da suka wuce likita ya duba ni, ya ce aiki ne da bai kai awa guda ba, amma kada a ja shi, domin in hanji ya maƙale a wurin, magana ta tashi daga wasa. Tun daga ranar na daina taka keke. Ko bokitin ruwa matata ba ta bari in ɗauka, in kuwa na yi tari sai ta ajiye abin da take yi ta zuba mini ido.

Ni kuma mutum ne mai tsoron allurar likita, balle wuƙarsa. Don haka ana gobe za a yi aikin na farko, na bi maƙwabta gida-gida ina neman gafara. Har na zauna da maƙwabcina, tsohon direba, na gaya masa gaskiyar da na ɓoye shekara shida: wandonsa da ya fito iya ƙwauri, ba yadin ne ya tsuke a wanki ba, ni ne na yanka ba daidai ba ina sauraron ƙwallo a rediyo. Ya ce ya yafe, tunda tafiya ce da ba a san dawowarta ba. Washegari da azahar sai ga ni na sauko daga mota da ƙafata, ƙabata tana nan yadda take. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Maƙwabci," in ji shi, "waccan yafiyar fa ta mai tafiya ce. Tunda ka dawo, maganar wando tana nan."

Abin da ya dawo da ni, Sistar ɗakin tiyata ce ta yi mini bayaninsa, kuma gara ku ma ku sani, don wata rana. Kayan aikin likita, almakashi da hantsaki da sauransu, wanke su ake yi, a jera a tiren ƙarfe, a naɗe tiren da wani shuɗin mayafi mai kama da takarda har ninki biyu, a liƙe da tef, sannan a sa a tukunyar tururi ta kashe duk wata ƙwayar cuta. Muddin naɗin nan lafiya yake, abin da ke ciki tsaf yake. In kuwa ya sami huda, ko da ta kan allura ce, aiki ya koma farko. Shi ya sa kafin a taɓa mutum Sista take ɗaga mayafin ta haska shi a fitila. Ranar ta ɗaga nawa, haske ya leƙo ta kusurwa. Wani tiren irin na aikina kuma babu a shirye, sai aka ce in dawo.

Na dawo, bayan na sake yini da yunwa kamar yadda aka umarce ni, aka sake aske ni a inda ba na so, haske ya sake leƙowa. A nan ne na ce a'a, duk inda ake naɗe tiren nan sai na je na gani. Yadi dai yadi ne, kuma ban san wani yadi da ke yagewa don ganin dama ba.

Ɗakin yana can ƙasa, bayan wurin wanki, zafinsa kamar bayan gidan burodi. A nan na sami wata gajeriyar dattijuwa da kowa ke kira Inna, tabaraunta ya yi gumi, shekararta ashirin da biyu tana hidimar tukunyar. Ba ta yi dogon bayani ba, ta kama hannuna ta ɗora a bakin kantar da ake ajiye tire, ta ce in shafa. Na shafa, na ji kaifi ya kama fatar yatsana. Sababbin kantoci ne na ƙarfe, ɗan kwangila ya kawo bara, aka yi bikin buɗe su da yanka zare, aka kwashe tsofaffin masu santsin baki aka zubar. Rabin ɗakin kuma an yanke shi an yi falon baƙin Mai Girma Babban Mai Kula da Masu Kulawa, don haka tiren da ya kamata kowane ya zauna shi kaɗai, yanzu uku-uku ake jibga su. Mai ɗauka ba ya iya ɗagawa, sai ya ja, kusurwar tire ta danna daga ciki, bakin kanta ya karce daga waje.

Inna ta ce takarda huɗu ta rubuta zuwa sama. Ba wani abin azo-a-gani ta nema ba: mai walda ya zo da magagari ya goge bakin kantocin, a sayo 'yan robobin da ake sa wa kusurwar tire, a shimfiɗa abu mai laushi a ƙasa, a kuma dawo mata da rabin ɗakinta. Aikin yini guda, in an cire falon.

To, a nan dole in yaba wa manyanmu, don kada a ce ba na ganin alheri. Ba su yi wasa da lamarin ba. Da labari ya kai sama cewa ana yawan dawo da majinyata, nan take Mai Girma ya kafa Kwamitin Musamman na Kare Martabar Naɗin Tire, mutum goma sha ɗaya, zaɓaɓɓu, waɗanda ba a taɓa jin ɗayansu ya sauka ɗakin tukunya ba, don kada sanin wurin ya gurɓata musu tunani. Inna ba ta ciki, matakinta na aiki bai kai ba. Suka tafi wani otal a wajen gari suka yi kwana uku, da huluna da jakunkuna masu tambarin kwamiti. Maƙwabcina direba, wanda ya yi shekaru yana tuƙa irinsu, ya ce in kwantar da hankalina, duk taron da aka buga wa jaka ba ya tashi a banza.

Bai kuwa tashi a banza ba. Kwamiti ya gano cewa ba kanta ce matsalar ba, ba kuma cunkoso ba, rashin takarda ne. Daga yanzu kowane tire sai ya ɗauki fom mai sa hannun jami'ai uku, masu shaida cewa naɗinsa ba shi da huda. Don kada fom ɗin ya faɗi a hanya kuma, sakin layi na huɗu na sanarwar ya ce a maƙala shi a jikin naɗin da sitefila, ɗan ƙarfen nan na ofis mai cizon takardu ya haɗe su.

Ranar Litinin wani akawu ya sauko daga sama, da laktaye a wuya, da damin fom a hammata. Inna ta tare gaban kantocinta, ta ce ga tef nan, in dole ne a liƙa, a liƙa da shi. Ta yi masa bayanin tururi, ta yi masa bayanin ƙwayar cuta, har ta haɗa shi da girman iyayensa. Ya saurare ta da ladabi, don ɗan mutunci ne.

"Inna, ni ban san tururi ba," ya ce. "Sakin layi na huɗu na sani."

Ya bi tiren nan ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, kowane a tsakiya daidai, babu karkata. A matsayina na tela na shaida yana da hannu.

Talata mu bakwai aka dawo da mu. Ina kwance ina kallo Sista ta ɗaga mayafina, ga huda biyu reras, a daidai ƙarƙashin takardar da mutum uku suka rantse cewa babu huda. Mutumin da ke gadon kusa da ni ya yi ta dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ni ban yi dariya ba. Tun ranar Lahadi kumburin ya yi tauri, in na danna ba ya komawa da sauƙi kamar da, kuma ban gaya wa matata ba. Ranar na ji tsoro na gaske, na juya fuskata bango don kada a ga idona.

Likita ya taɓa wurin, fuskarsa ta canza, ya cire safar hannu ya hau sama da kansa. Ya dawo bayan rabin awa yana huci. An gaya masa cewa an fahimci damuwarsa ƙwarai, amma sanarwar kwamiti kwamiti ne kaɗai ke janye ta, shugaban kwamitin kuwa ya tafi wani babban taro kan lafiyar majinyata, sai bayan mako biyu. Likita ya ce mini hanjina ba zai jira mako biyu ba, in zo ranar Alhamis da sassafe. Daga nan na ga ya nufi matakalar da ke sauka ɗakin Inna.

Wannan karon ban nemi gafarar kowa ba, na gaji. Matata ce kawai ta raka ni, tana riƙe da takalmana a leda.

Abin da ya faru ranar Alhamis, rabi na gani, rabi Sista ta ba ni labari. Inna ta zo tun kafin a buɗe ofisoshi, ta naɗe tirena da hannunta, ta tura tsumma mai laushi a kowace kusurwa, ta turara shi, ta ajiye shi shi kaɗai a kan shimfiɗa har ya huce. Ba ta bari ya ga kanta ba, ba ta ba wa mai tura kaya ba. Ta rungume shi da hannu biyu kamar jinjirin da aka yi wa wanka, ta hau bene hawa biyu da gwiwoyinta masu ciwo. A kan matakala ta ci karo da akawu, wanda ranar Allah ya nufa ya zo da wuri. Ya ga tire babu fom, ya zaro ƙarfensa daga aljihu.

"Ɗan nan," in ji Inna, ko muryarta ba ta ɗaga ba, "in ka miƙo hannun nan, da shi da ƙarfen zan haɗa in sa a tukunya."

Ya matsa gefe, ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta wani abu.

A gabana Sista ta buɗe naɗin, ta ɗaga shi a fitila, ta juya shi gaba da baya, ta duba kusurwa huɗu. Babu haske ko ɗigo. Ta dubi likita ta gyaɗa kai, aka sa mini wani abu a hanci aka ce in ƙirga. Da na farka likita ya ce ƙiris ya rage hanjin ya shaƙe, da an kai mako mai zuwa, da wani labarin ake yi. Matata ta zauna a bakin gado ta yi kuka, sannan ta yi mini faɗa don na ɓoye mata.

Yanzu haka a gida nake, a kishingiɗe nake rubuta muku wannan, da ɗinki takwas a gefen mara, ɗinki mai kyau kuwa, ko ni sai haka. Jiya takarda biyu suka fito daga ofishin Mai Girma. Ɗaya tawa ce: ana ba ni haƙuri cewa tunda babu fom ɗin tire a fayil ɗina, bayanai sun nuna har yanzu ba a yi mini aiki ba, don haka an sa mini sabuwar rana, in zo ranar Talata ban ci komai ba. Ɗayar ta Inna ce, takardar tuhuma, an ce ta bayyana cikin yini guda dalilin da ya sa ta fitar da tire ba tare da shaidar cewa ba shi da huda ba.

Sista ta bugo ta karanta mini amsar Inna, layi ɗaya tak: shaida yana kwance a gidansa, tela ne, a je a duba.

Na amince, kuma ƙofata a buɗe take, duk jami'in da ya zo zan ɗaga riga ya gani da idonsa. Roƙona ɗaya ga masu girma: in za a turo akawu ya tabbatar da ɗinkin, don Allah a caje aljihunsa tun daga bakin ƙofa.