Jan Faranti da Katakon Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata mahaifina a zauren gidana ba, a gaban limamin unguwarmu ta Kebbe.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, albashi ya yi tsalle, ni kuma ina koyarwa a firamare a Tambuwal, kaina ya kumbura. Baba kafinta ne a Kebbe, zarto da gizago su ne abokan aikinsa. Na gaji son katako a wurinsa, amma na ga ya kamata in nuna masa zamani. Na je Sakkwato na sayo injin gyaran bakin katako da ɗan janareta. Shi injin a ƙarƙashin tebur ake rataye shi, jikin wani faranti da ake dasawa a tsakiyar teburin, haƙorinsa ya leƙo sama, sai a riƙa tura katako a kai.

Mai shagon ya ajiye mini faranti biyu, na ƙarfe baƙi mai kauri da na roba ja mai sheƙi. Ya ce na ƙarfen ya fi jure nauyi. Na ɗauki jan (dalilina kuwa, wallahi, ya dace da fentin teburina).

Baba yana da wani katakon maɗaci da ya adana tun ina ƙarami, ya yi alkawarin zai yi wa masallacin unguwarmu ta Kebbe ƙyaure da shi. Ya fere shi, ya goge shi, saura adon gefe kawai, sai idonsa ya soma rauni. Ni na matsa masa ya kawo in ƙarasa. Ya biyo motar kaya da shi, Liman ya rako shi. Ni kuma na gayyato abokan aikina su sha kallo.

Kafin in tayar da janareta, Baba ya shafa teburin da tafin hannunsa, ya sake shafawa.

"Malam," ya ce (ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba), "wanga faranti bai zamna daidai ba. Tsakiyar ta lotsa."

"Baba, wanga aikin inji na," na ce, har da murmushi. "Ba a auna shi da hannu."

Abokaina suka yi dariya. Baba ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

Ashe nauyin injin da zafin rana sun lanƙwasa robar. Ina tura katakon, ya tafi kaɗan, ya cije a bakin farantin. Mai hankali da ya tsaya. Ni kuwa na ga idanu a kaina, na danna da ƙarfi. Katakon ya yi tsalle, haƙorin ya cafke shi, ya tsage tun daga gefe har tsakiya.

Na kashe janareta. Na so ƙasa ta tsage kamar katakon in shige.

"Subhanallahi!" in ji Liman. "Mi af faru?"

Baba ya duƙa yana bin tsagar da yatsa. "Laifina na, Liman," ya ce. "Ni nic ce mai shi danna."

Bai ce ba. Kowa a zauren ya san bai ce ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Liman ya koma Kebbe, Baba ya kwana uku a wurina. Bai tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ya yanko ɓangaren da ya tsira daga maɗacin, ya zauna yana fere shi, yana lalube da hannu tunda idon ba ya gani sosai, har ya fitar da sabon faranti ya dasa a teburin.

"Shafa ka ji," ya ce.

Na shafa. Ban gane inda tebur ya ƙare faranti ya fara ba.

Shi ne aikinsa na ƙarshe, don bai ga kakar shekarar ba. Masallaci kuwa ƙyauren ƙarfe aka sa masa. Jan farantin yana nan, matata tana shanya kuɓewa a kai, ya dai sami aikin da ya iya.

Tun daga ranar, in tsoho ya ɗora hannu a kan abu, nakan kama bakina. Farantin Baba har yau bai lotsa ba. Amma duk lokacin da na je Kebbe na tura ƙyauren nan zan shiga sallar azahar, sai zafin ƙarfen ya ƙona mini tafin hannu.