Jar Gimbiya Ta Rasu Saura Kilomita Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, likitan haƙori na ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da 'yan ƙungiyar masu tara tsofaffin motoci rasuwar motarsa, 'yar Japan mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda aka fi sani da Jar Gimbiya. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a garejinta, tana da shekara arba'in da shida a duniya, goma sha bakwai daga ciki a kan tubali.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Ɗari biyar kacal aka ƙera irinta, kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki a kujerar asibitin Likita ya tashi bai ji wannan adadi ba. An shaide ta da gudu na fitar hankali. Ji dai aka yi, ba a gani ba, domin mitarta tana kan kilomita dubu tara da ɗari tara da casa'in da takwas, kuma a wajen masana, wadda ta taka dubu goma ta zama mota kawai, irin wadda mutane suke hawa. Don haka Likita ya ɗage ta daga ƙasa, ya lulluɓe ta, yana goge ta da auduga kamar mai jinyar dasashi. Sau ɗaya a wata yakan tada ta. Takan ce kir-kir-kir, ɓurum! Bayan minti biyar ya kashe, ta bi shi da tik, tik, tik, shi kuma ya share ƙwalla.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga bututun mai, wata tsohuwar roba da ta bushe ta tsattsage. Sau uku bakanike yana cewa a canza. Likita ya ƙi, saboda robar tana ɗauke da hatimin masana'anta, kuma shi ba zai haɗa Gimbiya da baƙon jini ba. Ranar Asabar 'yan ƙungiya su shida suka zo gaisuwa, kowa da farar safar hannu. Aka murɗa makulli. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fuf. Maƙwabci mai gidan burodi ya rugo da tukunyar kashe gobara, Likita ya tare ƙofa ya ware hannuwa, don hodar tana ɓata fenti na asali. Manya suka tsaya shawara. Kafin su cimma matsaya, wuta ta warware batun fentin.

Ta rasu ta bar Likita, wanda har yanzu yake cewa da an ƙara masa minti ɗaya. Ta bar mai ɗakinsa, tela, wadda aka karɓi garejin daga hannunta alhali nan ne aka shirya zai zama shagonta, aka rarrashe ta da alkawarin za a kai ta yawo a kujerar gaba. Kekunan ɗinkinta shekara goma sha bakwai suna baranda, ita kuma tana jiran yawo. Ta bar 'yarsu, wadda ta koyi tuƙi a motar rabon burodi. Ta kuma bar tayoyi huɗu lafiya lau, da mita mai aiki, da littafin bayani cikin harshen Japan wanda duk gidan babu mai iya karanta ko bangonsa.

Ana karɓar gaisuwa a baranda. Ana roƙon 'yan ƙungiya su bari a gama amsa gaisuwar kafin su fara tambayar madubin gefe. Wanda kan sandar giyar motar ya faɗa aljihunsa cikin ruɗewa, iyali sun gane shi, sun kuma yafe.

Za a kai marigayiya makwancinta ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Likita ya nemi a ɗora ta a kan babbar mota, kada tayarta ta taɓa ƙasa. Mai ɗakinsa ta ce a'a: da igiya za a ja ta, a bayan motar burodi, ita a kujerar gaban marigayiya, 'yarta a sitiyari. Tafiyar kilomita uku ce. Ana roƙon masu rakiya, idan an kai na biyu, su riƙe Likita.