Gidan Kawu Jatau a Ƙarƙashin Bene

Malam Sallau maƙwabcina ne a nan Zariya. Shekara talatin da biyu ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, da ya yi ritaya sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Sa'o'insa wasu suka kama kiwon tattabaru, wasu suka kama zaman majalisa da zagin gwamnati. Shi kuwa wata rana ya shiga wurin 'yan gwanjo ya ci karo da jirgin wasa mai batir, kai ɗaya da taragu huɗu da dogonsa a kwali. Ya kawo shi gida ya kunna, jirgi ya yi ta zagaye a kan tabarma. Malam Sallau ya dube shi ya ce jirgin da ba shi da garin zuwa ai abin tausayi ne. Daga nan ya ƙudura sai ya gina masa ƙauyensu, Tashar Ɗinya, yadda yake lokacin suna yara.

Ni tela ne, na san aiki mai cin ido, amma ban taɓa ganin irin na Malam Sallau ba. Komai sai ya rage masa girma sau tamanin da bakwai don ya dace da jirgin, kuma da rula yake awo. Tubalinsa bai fi ƙwayar wake ba, da jar ƙasa yake murza shi ɗaya bayan ɗaya, ya shanya a faranti, ya ɗauka da hantsaki. Azara tsinken tsintsiya, jinka gashin tsohon burushin fenti, darni kuwa ɓawon kara da ya tsaga da reza. Tabarau biyu yake sawa, ɗaya kan ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, ba ya ƙari ba ya ragi. Na taɓa ce masa ya miƙar da katangar masallaci tunda ta karkace, ya ce haka take a karkace tun yana makarantar allo, shi ba a aiko shi gyaran gari ba.

Cikin shekara huɗu ƙauye ya cika faifan katako uku, har ɗakin hayarsa ya kasa ɗauka. Sai taubashinsa Alhaji Haladu ya ba shi garejin gidansa. Alhaji Haladu ɗan kawun Malam Sallau ne, marigayi Jatau, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Tashar Ɗinya mazauna birni. Ya yi arzikin sayar da siminti tun mahaifinsa na da rai, sai dai hanyar ƙauye ta yi masa nisa, daga Sallah sai Sallah yake aike. Kullum ya ga Malam Sallau durƙushe a gareji sai ya ce, “Ɗan Gwaggo, har yanzu ba a gama wasan ƙasar ba?” Bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Ranar da ya duba kuwa, dalili ne ya sa. Ɗansa ya auri 'yar wani babban attajiri na Kano, kuma Alhaji ya gayyaci surukin taron ƙungiya na bayan Sallah, inda za a nuna wa jama'a ƙauyen Malam Sallau. Matsalar ita ce Alhaji ya riga ya cika wa surukin kunne cewa shi a gidan bene aka haife shi, mai zaure uku da bargar dawaki. Saura mako guda ya shigo gareji, ina nan ina taya Malam Sallau tsinke zare, ya ce a nuna masa gidan babansa.

Malam Sallau ya nuna masa da bakin hantsaki. Ga shi nan dab da dogo, ɗakuna biyu na jinka, rumbu ɗaya, darnin kara da turken akuya. Gaskiya duk ƙauyen babu gidan da ya sha aiki kamarsa, har tulun ruwa akwai a gindin bishiya, don a nan Malam Sallau ya tashi bayan rasuwar mahaifiyarsa.

Alhaji ya ɓata rai ya ce, “Rushe wannan. Bene za ka yi.”

“Ɗan Kawu, a Tashar Ɗinya ko gidan dagaci ba bene ba ne.”

“To yanzu za a samu. Ƙasar taka ce ko simintin ya yi maka tsada?”

“Abin da babu ba na ginawa.”

Alhaji ya kaɗa makullin gareji a yatsa ya ce, “Ko ka yi bene, ko ka nemi inda za ka kai tarkacenka washegarin taro.”

Na ji tsoro ƙwarai, don na san faifan nan in aka ɗaga su tubalan za su zube kamar tsaba, aikin shekara huɗu ya tafi a banza. Na bi Malam Sallau har gida ina lallashi. Na ce bene ɗaya me zai rage maka, wa zai kai ka ƙara? Ya ce shi dai ba zai rushe gidan da ya ci tuwo a cikinsa ba. Taurin kan tsohon nan ya isa, amma ban iya ganin laifinsa ba.

Da Alhaji ya ga ba ci, sai ya kira kafintansa. Kafinta kuwa bai san wani sau tamanin da bakwai ba, an ce masa bene ya yi bene. Ya haɗo wani akwatin filawud mai hawa biyu, ya shafe shi da fenti ruwan hoda, ya sa masa tagogin madubi, har da tankin ruwa a sama. Safiyar taro Alhaji da kansa ya ɗauko shi ya kifa a kan gidan Kawu Jatau, yadda ake kifa wa kaza kwando. Benen ya fi kukar kasuwa tsawo sau uku, ƙofarsa kaɗai masallacin garin zai shige ta ba tare da ya sunkuya ba.

Malam Sallau ya dubi abin, ya sa rula ya auna gefen da ke kallon dogo, ya ce, “Ɗan Kawu, barandar nan ta shiga hanyar jirgi.”

“Jirgin ya kauce,” in ji Alhaji.

Bayan azahar gareji ya cika maƙil. Tsofaffi suka yi ta nuna gidajensu, wannan ya ce ga rijiyarmu, wancan ya ce ga inda jaki ya kayar da shi. Wata tsohuwa ta ga turmin uwarta a ƙofar ɗaki ta fashe da kuka. Benen kuwa kowa ya kalle shi sai ya kalli Alhaji ya haɗiye maganarsa, tunda shinkafarsa ake ci. Alhaji ya jawo surukinsa gaba, babbar riga na jan ƙasa, yana nuna masa tagar ɗakin da aka yanke masa cibiya a hawa na biyu.

Suruki ya gyaɗa kai ya ce, “Ma sha Allah. To a tayar mana da jirgin mana.”

Malam Sallau ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya busa usur, ya ɗaga 'yar koriyar tuta. Jirgi ya tashi daga tasha, ya wuce kasuwa, ya haye gada, ya sha kwanar masallaci ana tafi. Yana isowa gidan Alhaji sai ji muka yi ƙwas! Kan jirgin ya daki baranda ya wuntsila, taragu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya faɗa gonar gyaɗar liman.

Suruki mutumin kirki ne, ya yi maza zai taimaka. Ya kama benen da hannu biyu ya ɗaga don a zaro jirgin. Sai ga ɗakuna biyu na jinka, ga rumbu, ga turken akuya, ko tsinke bai goce ba.

Wani dattijo da ya zo daga ƙauye ya leƙa, ya tafa hannu ya ce, “Allahu akbar, gidan Jatau! Haladu, ga gidanku nan, har da tulun!”

Suruki na tsaye rungume da bene, ya rasa inda zai ajiye shi. Alhaji ya yi gumi har hula, ya juyo kan Malam Sallau yana nuna shi da yatsa.

“Hassada ce kawai, ɗan Gwaggo! Kowa ka yi masa gida na mutunci, ni ka tashi tozarta ni a gaban baƙi. Wannan akurkin ne gidan ubana? Ɗaki biyu? Ka rantse ba ka yi ƙarya a nan ba!”

Malam Sallau ya cire tabarau na sama, ya goge shi da bakin riga, ya ce, “Ba zan rantse ba, ɗan Kawu, na yi ƙarya. Duk ƙauyen nan ita kaɗai ce. Ɗaki ɗaya Kawu ya mutu ya bari, na biyun ni na gina masa, tunda kai ba ka samu sarari ba.”