Ranar Da Na Turara Furannin Sallah

Ba zan taɓa mantawa da jajiberen babbar sallar nan ba, ko da ƙwaƙwalwata za ta kai inda zan manta sunayen jikokina (dama yanzu sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nema). Ni ba mace ce da aka saba ganin kanta a sunkuye ba. A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina na girma, na aurar da 'ya'ya, na binne miji. Ban taɓa shiga aji ba, amma babu mai takardar da ta taɓa kayar da ni a magana. Sai ga shi fure, fure fa, shi ya zaunar da ni.

Bayan an rushe mana unguwa, kowa ya kama gabansa. Waɗanda da katanga ɗaya ta raba mu, yanzu sai ka shiga mota kafin ka yi musu barka da haihuwa. Samira, 'yar tsohuwar maƙwabciyata, wadda ta zama malamar makaranta har ake ce mata Abla Samira, ita ta ce mu riƙa haɗuwa a saman benensu duk Alhamis muna shuka. Ba wani lambu ba ne, gwangwanayen madara ne da bokitan fenti, amma a ciki akwai raihan, akwai na'ana'a, akwai fulli, farin furen nan mai ƙamshi da ake saƙa wa amare. Mun kai mu goma sha wani abu. Suka raɗa wa abin suna ƙungiyar matan lambu. Ni na ce ƙungiyar masu gulma da butar ban ruwa.

To, akwai Dije. Ƙawata ce tun muna yara muna tallan gyaɗa a kasuwar Bab Makka. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, shekara biyu ke nan ba ta je sallar idi ba, ita da ko zazzaɓi take yi sai ta je ta tsaya a sahun gaba. Samira ta kawo shawara: mu yi kambun fure mu sayar ranar jajibere, abin da aka samu a saya wa Dije keken guragu a ranar, washegari a tura ta idi. Kambun nan zobe ne na waya, faɗinsa kamar faifai, ana lulluɓe shi da ganye da fure a rataya a ƙofar gida. Yaran zamani a waya suka gano shi. Ni na ce ƙofa ba amarya ba ce da za a yi mata kwalliya, amma tunda don Dije ne, yalla, a yi.

Ranar da asuba muka taru. An sayo zobba da kintinkiri daga Bab Makka, an tsinko fulli tun yana ƙulle bai buɗe ba, don sai da yamma yake buɗewa ya saki ƙamshi. Ni na zauna da allura da zare ina saƙawa, su kuma 'yan matan suka fito da wata aba wai ita bindigar gam, ana sa ta a wuta tana zubo da gam mai zafi, suna manna ƙananan jinjirin wata da kintinkiri.

Bakina bai huta ba. "Wannan ba aiki ba ne, liƙe-liƙe ne. Ni da na saƙa wa amare fulli tun uwayenku ba su yi wayo ba, ban taɓa riƙe wa fure bindiga ba."

Rabi, wata 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa, ita kaɗai ke iya mayar mini. Ta ce, "Hajiya, ki bar yara su yi aikinsu. Ke ma allurar ba da ita aka haife ki ba."

"Ke Rabi, in manya na maganar fure, mai auna yadi ta yi shiru."

Kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama guda ashirin. Kuma gaskiya sun yi kyau, duk da ban faɗa ba. Wasu ma an riga an kama su, don wata Balarabiya daga unguwar Ruwais, abokiyar aikin Samira, ta ce a ajiye mata biyar, ita da 'yan uwanta.

Sai maganar inda za a ajiye su har la'asar, lokacin da za mu buɗe 'yar kasuwarmu a wata istiraha, irin gidan nan mai fili da ake haya don biki. Samira ta ce a bar su a ɗakinta. Ni kuwa na ƙi. Na ce gidana ya fi kusa da wurin, kuma ba a barin fure a hannun wanda bai san shi ba. (Gaskiyar magana, so nake a ce daga hannuna suka fito. Yau dai na faɗa.)

Samira yarinya ce mai kunya, ba ta ja da ni ba. Ta dai riƙe hannuna, ta kira ni Khala, wato inna, ta ce, "Tayyib, to shi ke nan, Khala. Ki jera su a ɗaki mai mukayyif, na'urar sanyin nan, ki rufa musu jiƙaƙƙen ƙyalle. Bas, iyakarta ke nan. Don Allah kar ki ƙara musu komai."

Na ce, "Ni za ki koya wa?"

Da na isa gida na jera su kamar yadda ta ce, na kunna mukayyif, ɗaki ya ɗauki sanyi. Da a nan na tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma sai na sunkuya na shinshina ɗaya. Warin gam. Na shinshina wani. Warin gam da roba, kamar shagon mai gyaran takalmi. Fulli kuwa yana ƙulle, bai ce komai ba tukuna.

Ku fahimce ni. A gidan da na tashi, babu abin da ke fita zuwa gaban mutane ba a turara shi ba. Zane, mayafi, rigar maigida, har tabarmar da za a ara wa maƙwabta. Kuma ina da haɗin turaren wuta da na gada wurin uwata, sandal da hawi da kajiji da wani abu guda da ba na faɗa. Duk wanda ya zauna a Karantina, in ya ji shi a hanya ya san ni na wuce. Na ce a raina, yanzu a ce abu ya fito daga ɗakina yana warin takalmi? A gaban Larabawan Ruwais?

Wallahi na san fure ba ya son zafi. Na sani sarai. Amarya ma sai an gama turara ta, ta huce, sannan ake ɗora mata fulli. Amma shaiɗan ya ce mini ɗan hayaƙi kaɗan ne, shiga da fita. Na hura gawayi, na zuba turare a kasko, na kifa kabbasa a kai, kwandon nan da muke shanya tufafi a kansa su sha hayaƙi. Na shimfiɗa farin zanena na leshi, na ɗora kambunan nan ashirin ɗaya kan ɗaya, na rufe da bakin zanen, na ƙara da bargo don kada hayaƙi ya gudu. Sannan na kashe mukayyif, don yana shanye ƙamshi.

Ina cikin haka waya ta yi ƙara. Dije ce.

"Ke, an ce kina can kina mulki a kan yara."

"Ke dai ki nemo zanen da za ki ɗaura. Gobe a mota mai ƙafa huɗu za ki je idi, ni ce direba."

"Ke za ki tura ni? Ashe a asibiti zan yi sallah."

Muka yi dariya, muka shiga hirar wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta ƙare. Ni da Dije in mun kama waya sai kunne ya yi zafi. Muna ajiyewa aka kira azahar. Na yi sallah, na ɗan kishingiɗa. Da na farka kasko ya mutu don kansa, la'asar ta gabato.

Kuma ban buɗe na duba ba. Mu ba ma buɗe kayan da aka turara sai inda za a yi amfani da su, in ka buɗe ƙamshin ya tafi. Na yaye bargo kawai, na tattara bakin zane huɗu na ƙulle, na ji ƙunshin ya yi tauri ya haɗe wuri guda, na ce madalla, ba zai watse a hanya ba. Mai tasi ya yi ta tari har muka isa, ni ko ina ta ɗaga hanci.

Istiraha ta cika da mata. Teburin tsakiya an bar shi fayau don kambunan, an yi masa shimfiɗa. Balarabiyar Ruwais na tsaye da 'yan uwanta, jakunkuna a hannu. Samira ta taho da sauri za ta karɓi ƙunshin, na ce ta dakata. Na ajiye shi a kan teburi da kaina, na dafa shi, na gyara murya. (Ina ma a lokacin Allah ya aiko mini da tari irin na mai tasi.)

Na ce, "Jama'a, aikin nan yara sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya yi musu albarka. Amma aiki ba ya kammala sai ya bi ta hannun manya. Abin da suka bari, ni na ƙarasa."

Na kwance ƙulli. Zane ya ƙi buɗewa. Na ja, ya yi wata ƙara, ƙiii, ya taho da ganye a jikinsa.

Fullin nan da ya shiga fari fat ya fito kamar soyayyar albasa. Raihan ya zama ganyen shayin da aka dafa aka zubar. Gam ya narke ya bi ko'ina, jinjirin wata duk sun zame sun taru a gindi. Na kama na sama don in ɗaga, sai duka ashirin suka biyo shi, sun manne sun zama abu guda, ga zanena na leshi yana lilo a ƙasa.

Balarabiyar ta dafe ƙirji ta ce, "Ya satir!"

To a nan ne fa na yi abin da ya fi komai ci mini rai har yau. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ji bakina yana cewa, "Mai tasin nan ne. Motarsa babu sanyi, kamar tanderu. Na yi ta yi masa magana."

Rabi ta tako a hankali. Ta sunkuya, ta shinshina tarin nan, ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Ikon Allah. Hajiya, ashe mai tasin ma ya iya haɗa sandal da hawi da kajiji. Ko ɗan uwanki ne?"

Wata ta ƙyalƙyale a baya, wata ta bi ta, sai wuri ya ɓarke. Rabin matan nan 'yan Karantina ne, babu wadda ba ta san ƙamshin nan ba. Ni da kaina na yi shekara hamsin ina tabbatar da sun san shi. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ita ma tana kallo.

Samira ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Idonta ya cika da ƙwalla, ta dube ni ta ce, "Ma'alesh, Khala, ba komai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An sayar da ɗan na'ana'a da raihan na gwangwani, amma ba su kai ko ƙafar keke ɗaya ba. Dije ba ta je idi ba.

Ni ma ban je ba. Da safe, mutane na wucewa da kabbara, na ɗauki mayafi na tafi gidanta. Na same ta zaune bakin gado, ta ɗaura sabon zane, ta sa kwalli, don babu wanda ya iya gaya mata da daren. Ni na gaya mata, ban rage komai ba, har ƙaryar mai tasi. Ta dubi ƙafafunta, sannan ta ce, "Zauna. Tsayuwar me kike yi kamar an kawo ki wurin alƙali?"

Na zauna.

"Bara ƙafa ta hana ni, bana ƙawa ta hana ni. Ƙafar dai ba ta yi mini alkawari ba."

Na yi kuka, ita ma ta yi, sannan ta sa ni na dafa mata shayi ta ce ya yi ruwa.

Keke ya samu bayan wata guda, da muka sake yin wata kasuwar. A wannan karon Samira ce ta raba aiki, ni aka ba ni tsinke ganyen da ya bushe, kuma Rabi aka sa ta duba nawa. Na tsinke, na miƙa mata ta duba. Amma idin da ya wuce ya wuce, ba a sayo shi a Bab Makka.

Abin da na koya da furfurata ba shi da yawa. Yarinyar da ka goya tana iya fin ka sanin abin da ta ce kar ka taɓa. Yanzu in aka ba ni ajiya, ajiyewa nake yi, in kulle ɗakin, in koma tsakar gida in zauna a kan hannuwana har mai ita ya zo.