Hoton Cikin Surukina

Ba na jin akwai ranar da zan manta da rakiyar da na yi wa surukina zuwa asibiti. Bara aka yi masa aiki. Babbar jijiyar jinin da ke cikinsa ce ta kumbura har ana tsoron ta fashe, aka zura mata wani bututu ta ciki. Tun daga nan ake ɗaukar hoton wurin lokaci-lokaci, a duba ko jini na yoyo ta gefen bututun. In aka ga yoyo, wataƙila sai an sake aiki, shi kuwa Baba ƙarfinsa ya ragu.

'Ya'yansa maza ba sa gari, sai na rufe shagon ɗinkina a Tudun Wada na kai shi.

Ɗakin ɗaukar hoton da duhu-duhu, ga sanyi mai kashe jiki. Likitar ta shafa masa wani abu mai santsi a ciki, ta ɗora kan na'urar hoton a wurin tana zagayawa a hankali. A allo ja da shuɗi na ta kwarara, su haɗu su rabu, kamar an zuba rini a ruwa. Na jingina da bango. Irin wannan ɗakin muka shiga da matata makon da ya wuce (cikinta na fari aka duba, kuma tun lokacin ba ni da wani tunani sai shi). Hankalina ya tafi. Na ga ɗan mitsitsin hannu, na ga ragon suna, na ga kaina ina ɗinka 'yar rigar da ba ta fi tafin hannuna ba.

Kamar daga nesa na ji likita na cewa, "Alhamdu lillahi, ga shi yana bugawa daidai, komai na zaune lafiya."

Ni kuwa, baki har kunne, na ce, "Likita, namiji ne ko mace?"

Hannunta ya tsaya cak. Baba, mutumin da ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, yana kwance riga a naɗe har ƙirji. Ya juyo da kansa a hankali.

"Gaya masa mana, 'yata," ya ce. "Ni ma ina so in sani, in fara neman suna."

Sai da likita ta ajiye na'urar ta gama dariya, sannan ta sake dubawa. Babu yoyo ko ɗigo.

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya shafa cikinsa ya ce suna nan lafiya. Ni dai yanzu in na raka mutum asibiti, ba na buɗe baki sai na sake duba wanda ke kwance a gadon.