Kun Bar Ɓarawon Hula, Kun Kama Gwaggo Tordis

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kare Haƙƙin Masu Fasaha,
Kasuwar Intanet ta Tusenbod.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramar 'yar rumfa take yi wa mai kasuwa, da rusunawa daidai gwargwadon abin da gwiwoyina za su ɗauka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda ofishinka yake, domin na nemi adireshinsa a shafinku ban samu ba.

Sunana Sunniva Moldskred. A Skarvika nake zaune, ina saƙa hulunan ulu, ina sayarwa a kasuwarku shekara da shekaru. Na zaɓi in buga wannan wasiƙa a jaridar gundumarmu ne saboda duk wadda na aiko ta ƙofarku, kafin in ɗauke yatsa daga kan maɓalli amsa ta dawo, ana gode mini, ana ce mini ƙorafina yana da matuƙar muhimmanci. Ban taɓa ganin saurin karatu irin wannan ba. Ni kuwa mai karatu a hankali nake nema.

Hulata guda ce ta yi suna, mai zanen ɗan akuya tsaye a kan kwale-kwale. Ni na zana ta, ni na yi mata rajista, ita ce kuma take ciyar da gidanmu tun da ciwon baya ya rage wa mijina, Oddvar, fita kamun kifi. Hoton da na saka a rumfata nasa ne, yana sanye da hular a bakin tashar jirage, ya murtuke fuska kamar yadda ya saba. Mutum ɗaya ce a duniya na yarje wa ta saƙa wannan zane bayan ni, ita ce Gwaggo Tordis, yayar mahaifina, wadda ta rene ni, ta kuma fara ɗora tsinken saƙa a hannuna. Ta haura tamanin, tana zaune a tsibirin da ke tsallaken ruwa. Ni na buɗe mata 'yar rumfa a kasuwarku, domin ta samu abin da za ta riƙa faɗa wa ƙawayenta.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na farko. Ba ku kuka gano ɓarayin hulata ba, duk da allon da kuka kafa a shafinku cewa idonku ba ya barci. Steinar ne ya gano su, abokin Oddvar, mutumin da ko saƙon waya sai ya nemi tabarau. Ya tare mijina a bakin tasha, gaban mutane, ya miƙa masa waya yana cewa, “Kaka Sven, ashe kai ne gwanin? Shekara nawa muna tare ko safa ba ka saƙa min ba!” Oddvar ya ce, “Dalla rufe min baki, wane ne kuma Sven?” Da ya duba, sai ga fuskarsa, ga hulata, ga akuyata, a wata rumfa da ba tawa ba. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wannan shi ne Kaka Sven, wanda ya gaji saƙa daga kakanninsa, yake zaune a bukkarsa yana saƙa kowace hula da hannunsa. Ranka ya daɗe, mijin nan nawa maɓallin rigarsa in ya cire sai ya jira ni. Rumfar kuma ta sayar da hulunan da, in da hannu ake yin su, sai Kaka Sven ya yi shekara ɗari bai tashi ya yi fitsari ba. Wannan bai ɗaga wa kowa gira a ofishinku ba?

Na biyu. Ina yaba muku kan yadda kuka adana wurin kai ƙara. Wurin saye ga shi nan ƙato, ja, ko makaho zai lalubo shi. Wurin kai ƙarar sata kuwa sai da na bi ta ƙarƙashin Taimako, na ratsa Tambayoyin da Aka Saba Yi, na gamu da wata Mia, wadda ta gaishe ni da fara'a ta tambaye ni ko kayana ne ba su iso ba. Na ce mata kayana sun iso inda ban aike su ba. Ta ce ta yi farin ciki da jin haka, ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi? Daga baya na fahimci Mia na'ura ce, sai na ji kunyar irin maganganun da na faɗa mata.

Na uku. Na aiko da takardar rajista, da zanen farko da na yi da fensir, da hoton asali. Kuka ce in kawo shaidar cewa fuskar da ke cikin hoton tawa ce. Na amsa cewa ba tawa ba ce, ta mijina ce, sai dai ni nake fama da ita tun kafin a kafa kasuwarku. Kuka ce to mai fuskar ya ɗauki hoto riƙe da fasfonsa kusa da kuncinsa. Da ƙyar na shawo kansa ya tsaya a kicin ya yi. Kuka mayar da hoton, kuka ce mutumin cikin fasfo ba shi da gemu, na waje kuma yana da shi, don haka ba a tabbatar mutum ɗaya ba ne. Na kai wa Oddvar shawarar ko zai aske. Ya dube ni ya ce, “Sunniva, gemun nan ya girmi kamfaninsu. Su su aske.” Ina tambaya, ranka ya daɗe, su masu Kaka Sven wane fasfo suka nuna muku?

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Bayan dogon jira, saƙonku ya iso da albishir cewa kun bincika, kun samu rumfar da take kwaikwayon zanena, kun rufe ta. Na yi ihu har karen maƙwabta ya amsa. Na buɗe shafinku in ga kangon ɓarayin, sai na tarar da Kaka Sven yana nan daram, har an yi masa ragin farashi na Kirsimeti. Rumfar da kuka rufe ta Gwaggo Tordis ce.

Kuma ba ku rufe a ɓoye ba. Kun aika mata takarda, kun ce an same ta da sayar da kayan jabu, kun gargaɗe ta da shari'a, sannan cikin gaskiya da riƙon amana kun rubuta mata cikakken sunan wadda ta kai ƙararta: Sunniva Moldskred.

Gwaggo ba ta kira ni ba. Na kira, ba ta ɗauka ba. Ranar Lahadi ta ƙetaro coci kamar kullum, amma ta bar bencin da muke zama tare tun ina yarinya, ta koma can gaba kusa da mai kiɗa, inda ta sha cewa ƙarar kiɗan tana sa mata ciwon kai. Kafin a tashi kowa ya ji labari. Washegari na shiga kanti sayen madara, mai kantin, Gudny, tana miƙo mini canji ta ce, “Ke kuwa Sunniva, ko da mutum zai kai ƙara, ai ba gwaggonsa ba.” Na fara bayani, ta ce, “A'a, ni ban ce komai ba,” ta juya ga na bayana.

Na hau jirgin fito da kwanon waina a hannu, na je na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da na girma a cikinsa. Ina jin motsinta a ciki. Na ce, “Gwaggo, ni ce. Don Allah buɗe, sanyi ake yi.” Ta ce, “Me za ki yi a gidan 'yan jabu? Je ki, kada a ce da ke ake haɗa baki.” Na ce kuskure ne, ba ita na kai ƙara ba. Ta ce, “Sunanki ne a takardar ko ba sunanki ba?” Na ce sunana ne. Ta ce, “To.” Na ajiye wainar a bakin ƙofa, na koma tasha, na zauna jiran jirgi ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Matar nan ita ta zauna a gefen gadona lokacin da mahaifiyata ta rasu. Ranka ya daɗe, a cikin Tambayoyin da Aka Saba Yi, wace lamba ce ta yi bayanin wannan?

Na biyar. Na roƙe ku ku buɗe mata rumfarta. Kuka ce hanya ɗaya ce, in janye ƙarata. Na tambaya, in na janye, ɓarayin fa? Kuka ce ai ƙarar guda ce, in ta faɗi ta faɗi duka, kuma duk wanda ya janye ƙara ana ɗaukar cewa tun farko ƙarya ya yi, sai a sa wa rumfarsa baƙin tabo. Na auna akuyata da Gwaggo, na janye. Kuka buɗe rumfarta, kuka sa mini tabon, kuka kuma aiko tambaya ko zan ba hidimarku taurari nawa cikin biyar.

Na shida. Da masu Kaka Sven suka ga na zama mai tabo, sai suka kai tasu ƙarar, cewa na saci hoton kakansu. Wannan karon, masha Allah, ba ku nemi fasfo ba, ba ku yi zancen gemu ba. Nan take kuka sauke hulata, ana tsakar cinikin Kirsimeti, lokacin da muke tara abin da za mu ci har duhun hunturunmu ya wuce rana ta dawo. Yau a kasuwarku hula ɗaya ce mai akuya da fuskar mijina, kuma ta zaren roba ce. Makon jiya ma kun aiko mini da tallarta, kun ce bisa ga abubuwan da nake yawan dubawa kuna ganin za ta burge ni. A ƙasan tallar kuma kun yi mini tayin shiga tsarinku na musamman, wanda in ina biya duk wata, za ku kare mini fasahata da gaske. Ashe kariyar da na samu zuwa yanzu ta ɗanɗano ce. Na gode da ba a cika mini cokalin ba.

Kada ka ɗauka ban ga alherinku ba. Oddvar ya yi suna. An aiko masa da wasiƙu ta hannun gidan waya na garinmu, wata mata daga ƙasar waje tana cewa hular Kaka ta yi mata ƙaiƙayi, ta kuma zuba launi a goshin ɗanta, amma ta yafe masa saboda tsufa. Yara kuma in sun gan shi a hanya sai su yi kukan akuya.

Yadda muka ƙare da Gwaggo ba ta hannunku ya biyo ba. Ta sa maƙwabciyarta ta sayo mata ɗaya daga cikin hulunan Kaka Sven, domin ta ga abin da aka haɗa ta da shi. Ranar da hular ta iso mata, ta hau jirgin fito, ta shigo kicin ɗina ba sallama, ta jefa ta a kan tebur. Ta ce, “Dubi nan. Wannan akuya ce ko kare? Ƙafa uku! Ko zare ba su iya ɓoyewa ba.” Ta juya cikin hular waje, ta ja, ta shinshina, ta ce, “Warin bokiti take yi.” Sannan ta cire rigar sanyinta, ta zauna a kujerar da ta saba, ta ce, “Ke kuma kin tsaya kina kallona, babu kofi ne a gidan?” Nan take na ɗora ruwa.

Saboda haka buƙatuna ba su da yawa. Ku mayar da hulata inda take. Ku goge tabon da kuka sa mini. Ku sallami Kaka Sven ya huta, ya yi aiki ya gaji. Sannan ku rubuta wa Tordis Moldskred takarda, ta gaske, wadda ake ninkewa a saka a ambulan, wadda ɗan Adam mai suna ya sa wa hannu da alƙalami, ku ce ba ta taɓa sayar da jabu ba. Tana so ta liƙa ta a allon sanarwa na coci. Rumfar da kuka buɗe mata kuwa ta ce ku riƙe abinku.

Tana nan zaune kusa da ni ina wannan rubutu, tana saƙa, tana sa ni ina karanta mata layi-layi. Ta ce in ƙara tambaya guda daga wurinta. Tana son sanin sunan mahaifiyar wanda ya rubuta mata waccan takarda, ko matar tana raye, ko kuma ta san irin aikin da ɗanta yake yi. Na yi mata bayani cewa ba mutum ba ne ya rubuta, na'ura ce, ba ta da uwa. Gwaggo ta dakata da saƙar, ta gyaɗa kai ta ce, “To, shi ya sa.”

Ina roƙon afuwa in na cika ka da surutu, ina kuma yi wa kasuwarku fatan bunƙasa, da ita da dukan kakannin da ke cikinta.

Taka mai biyayya, mai tabo ɗaya, mai jiran amsar da za ta ɗan yi jinkiri,

Sunniva Moldskred,
Skarvika.